Ta yaya ƙasar da Kogin Nilu ya ratsa take fama da ƙishirwa?

Ɗan Kasuwar Hatsi, N'Djamena

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cina, yanzu kuma ta shigo har cikin zuri'armu, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani.

Kakanmu ya bi hanyar Makka da ƙafa kamar yadda mutanen da suka saba, wasu daga cikin 'ya'yansa suka yada zango a Sudan suka yi aure a can, saboda haka muna da dangi a Janaina da Omdurman da kuma Mai Wurno, can bakin Shuɗin Nilu. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti, duk wanda na samu a waya a cikinsu, da zarar an gama gaisuwa da lissafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, maganar da yake fara kawowa ita ce ta ruwa. Ɗan baffana da ke Omdurman ya ce mini idan ya hau soron gidansu yana hango kogi, amma duk da haka sai ya jira mai amalanken jaki ya sayar masa da duro ɗaya a kan kuɗin da ya kusa cinye abin da ya samo a yinin. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa, kuma har yau hankalina bai ɗauka ba. Mu da muke gaɓar Shari mun san cewa ko famfo ya ɗauke, kogi yana nan. Me ya sa su nasu kogin bai fisshe su ba, har ake cewa amai da gudawa ta kashe dubban mutane?

Tambaya ta biyu ita ce wadda ta hana ni barci. Iyalin wani ɗan baffan nawa, na Janaina, sun tsallako Adre, garin kan iyaka a gabashin Chadi, tun 2023, yanzu suna ɗaya daga cikin sansanonin da ke yankin. Matarsa tana da ciki wata bakwai, kuma kwana huɗu ke nan idonta ya yi rawaya, fitsarinta ya koma kamar shayin da ya dahu da yawa, ba ta iya cin abinci. Surukarta tana jiƙa mata saiwoyin shawara. Shin wannan yana da alaƙa da ruwan da suke sha? Ina da halin aika musu ɗan abin da ya sawwaƙa, amma ina so in san inda ya fi dacewa kuɗin ya tafi. Allah ya saka da alheri.

Bakaniken Famfo, Kusuri

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar mai ciki zan bar wa ma'aikatan lafiya, ni zan tsaya a kan sana'ata, domin shekarata sama da ashirin ina gyaran injinan jan ruwa da rijiyoyin burtsatse tsakanin Kusuri da ƙauyukan Logone.

Ruwan da yake fitowa a famfon birni ya biyo doguwar hanya kafin ya iso. Sai an sa injin ya jawo shi daga kogi, a zuba masa alif don laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan wani injin ya tura shi tankin sama, wanda muke kira shato, daga nan ya gangaro cikin bututu. Kowane mataki a cikin waɗannan yana buƙatar wutar lantarki ko man gazuwal, yana buƙatar kayan da ake shigowa da su daga waje, yana kuma buƙatar ma'aikacin da zai fito daga gidansa da asuba ya isa wurin aiki da ransa. Idan ɗaya ya yanke, sauran sun zama banza. To, yaƙi ba ya yanke ɗaya, duka yake kamawa a lokaci guda.

Ka dubi abin da ya faru. A kwanakin farko na yaƙin tashar tace ruwa ta Bahri, wadda take shayar da arewacin Khartoum, ta tsaya, mutane suka yi watanni suna ɗibar ruwa kai tsaye daga kogi. Matatar mai ta Al-Jaili ta faɗa tsakiyar fagen daga, ta kuma kama da wuta a Janairun 2025, man da ake zuba wa janareta ya zama sai wane da wane. A wannan watan ne kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashar wutar madatsar Merowe. A Fabrairun 2025 aka bugi tashar lantarki ta Um Dabakir, famfunan garin Kosti suka bushe, masu amalanke suka koma kogin Farin Nilu suna cika duro suna sayarwa, cikin 'yan kwanaki mutum fiye da 1,000 suka kwanta da kwalara. Irin wannan ya sake maimaituwa a Omdurman cikin Mayun 2025, bayan an kai hari kan tashoshin wuta, har ma'aikatar lafiyar ƙasar ta bayar da rahoton mutuwar mutum 172 cikin mako guda, mafi yawansu a jihar Khartoum. Wanda ya harbi tashar lantarki, ko ya sani ko bai sani ba, randar kowane gida ya harba.

Game da cewa kogi yana nan, Alhaji, kogin da yake wucewa ta tsakiyar birni mai miliyoyin mutane, a lokacin da ba a kwashe shara, masai sun cika sun tumbatsa, gawawwaki kuma ba a binne su a kan kari ba, ba ruwan sha ba ne. Ga shi gaɓar kogin ta kan zama iyakar da mayaƙa suke harbin juna ta kanta, wanda ya je da jarka yana iya rasa ransa. Mutanen Darfur kuwa ba su da Nilu ko kaɗan, tsakaninsu da shi tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Rayuwarsu a kan rijiyoyin burtsatse take, da ramukan tara ruwan sama da suke kira hafir, da ruwan da ake tonowa a yashin kwari. Garin Al-Fashir ya dogara ƙwarai da tafkin Golo, wanda aka yi ta gwabzawa a kansa a Mayun 2024, har UNICEF ta yi gargaɗin cewa mutum kusan 270,000 ne ruwansu yake cikin haɗari.

Akwai wani abu da sai mai sana'a yake lura da shi. Bututun da ruwa yake cikinsa kullum yana tura ruwa waje ta kowace tsaga, saboda haka ƙazanta ba ta samun shiga. Amma idan aka ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma a yawancin unguwanninmu bututu da kwata maƙwabtan juna ne. Na taɓa tono wani bututu a wata unguwa bayan an yi mako biyu babu ruwa, da na yanke shi sai ga baƙin ruwan kwata yana tsiyayowa daga ciki, ga shi matan unguwar sun jera bokitai suna jiran a sako. Ranar da ruwa ya dawo, ranar murna, ita ce ranar da ya fi haɗari. Wannan a garin da ake zaman lafiya ke nan, balle inda bama-bamai suka farfasa ƙasa.

Ko abin da ba harsashi ya rusa ba, rashin kulawa yana rusa shi. Madatsar Arba'at, wadda take shayar da Port Sudan, ambaliya ce ta fasa ta a Agustan 2024, a daidai lokacin da garin ya cika maƙil da waɗanda suka gudo daga Khartoum, gwamnati kuma hankalinta da kuɗinta suna fagen yaƙi. A ƙauyuka kuwa, injin da ake gyarawa da ƙaramin ƙarfe ɗaya sai ya shekara a tsaye, domin mai kawo ƙarfen ba ya iya wuce shingayen 'yan bindiga, farantan sola kuma su ne abin da ɓarayi suke fara kwancewa.

Ungozoma, Abeche

Alhaji, kafin ka karanta sauran bayanina, ka ɗauki waya ka ce a kai baiwar Allahn nan asibitin sansani yau, kada a bari sai gobe. A kuma dakatar da saiwoyin, tare da girmamawa ga surukarta wadda na san alheri take nufi. Kada a ba ta kowace ƙwaya daga hannun masu talla, har da farasitamol, sai wadda ma'aikacin lafiya ya duba ta ya rubuta, domin hantar da take fama ita ce za ta sarrafa duk abin da aka haɗiya. Idan ta fara yawan barci, ko magana ba kan gado, ko amai babu tsayawa, ko jini ya ɓalle mata, to ko tsakar dare ne a ɗauke ta.

Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, domin zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtukan hanta ma suna sa ido ya yi rawaya. Amma abin da muke tsoro a yankin nan shi ne ciwon hanta nau'in E, wanda ake ɗauka ta ruwan da bayan gida ya gurɓata. Ya ɓarke a sansanonin lardin Waddai tun farkon 2024, a Adre da Abutenge da Metche da Alasha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum fiye da 2,000 da ake zaton sun kamu tsakanin Janairu da Afrilun shekarar. Ga yawancin mutane yana wucewa da kansa cikin makonni, amma ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar, yana kuma jawo haihuwa kafin lokaci da zubar jini. Yakan ɗauki makonni biyu zuwa goma kafin ya bayyana, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da ruwan da suka sha tun watan jiya.

Malam Bakanike ya yi bayanin yadda ruwa yake lalacewa, ni kuma ina so in ƙara da abin da aka fi mantawa, wato yawansa. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, a lokacin tsananin gaggawa kuma kada ya gaza lita 7.5. A Tawila ta Darfur, inda ɗaruruwan dubban mutane suka taru bayan an tarwatsa sansanin Zamzam a Afrilun 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce mutum yana rayuwa da lita 3 kacal. Ku auna da kanku, buta ɗaya da ɗoriya ke nan. A ciki za a sha, a dafa abinci, a yi tsarki, a wanke jariri.

Na zauna da mata da yawa a irin wannan hali, kuma lissafinsu iri ɗaya ne. Uwa mai 'ya'ya shida ta samu jarka biyu bayan ta bi layi tun kafin kiran assalatu. Ta ware na sha, ta ware na tuwo. Ruwan da ta wanke gero da shi ba ta zubarwa, da shi za ta wanke kwanuka, wanda ta wanke kwanukan da shi kuma ta yayyafa wa akuya. Abin da ake fara yankewa shi ne wankin hannu, sai wanka, sai wankin tufafi. Idan an zo cin abinci, kwano ɗaya ake zuba wa ɗan ruwa kowa ya tsoma hannunsa, daga maigida har autan gida, wanda ya zo ƙarshe ruwan dauɗar kowa ya wanke hannu da shi. Na taɓa yi wa wata mata faɗa a kan haka, sai ta miƙo mini moɗar ta ce in nuna mata wane ɗa zan hana sha don wani ya wanke hannu. Tun daga ranar na daina yin wa'azin tsafta ba tare da na fara tambayar yawan jarkokin da suka shigo gidan ba.

Daga nan cututtuka suke biyo juna. Ƙazuwa tana cin tsakanin yatsun yara, ciwon ido yana yaɗuwa saboda ƙudaje da fuskar da ba a wanke ba, mata suna fama da ciwon mara da na mafitsara domin babu ruwan tsarki a lokacin al'ada, wasu ma suna rage shan ruwa da gangan don kada su buƙaci zagayawa da dare. Taifot da atuni ba sa yankewa. Mafi muni shi ne zawo da tamowa, waɗanda kowanne yake ciyar da ɗan'uwansa: yaron da ya yi gudawa hanjinsa ba ya riƙe abinci, ya rame, ramammen yaro kuma shi gudawa ta gaba take fi kayarwa. Mun sha sallamar yaro ya murmure da abincin gyaɗar nan na asibiti, bayan wata guda ya dawo a yadda ya fara zuwa, saboda ruwan gidansu bai canza ba. Hatta adana ruwa yana da nasa sharrin, domin sauron da yake kawo zazzaɓin dengi a cikin duro da randar da ba a rufe ba yake ƙyanƙyasa, kuma a nan Abeche aka fara tabbatar da ɓullarsa a Chadi cikin Agustan 2023.

Kwalara kuwa ita ce mai gaggawa. Mutum yana iya yin sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar ya zama gawa, saboda ruwan jikinsa yana zuba kamar ruwan wankin shinkafa. Daga tsakiyar 2024 zuwa Agustan 2025 an ƙirga kusan mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Sudan, fiye da 2,400 suka rasu, a Yulin 2025 kuma ta tsallako mana ta sansanin Dugi. Abin takaicin shi ne idan an samu kulawa da wuri, ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa. Mafi yawan masu ita ruwan gishiri da sukari kawai suke buƙata: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta kurɓa ana kan hanyar asibiti. Amma ka ga ko maganin ma da ruwa mai tsabta ya fara.

A wajenmu nan gabas kuma, ba injin ne kaɗai matsala ba. Ƙasar Waddai dutse ce a ƙarƙashi, ana iya haƙa rijiyar burtsatse sau uku a samu ruwa a ɗaya, shi ma ɗan tsiyaye. Mu kanmu mutanen Abeche daga kwarin Biteha ake turo mana ruwa, kuma kowace bazara mun san kuɗin jarka. Adre gari ne da bai wuce mutum 40,000 ba kafin yaƙi, aka wayi gari baƙi sun ninka 'yan gari sau da yawa, rijiyoyin kuwa ba su ƙaru da wannan lissafin ba. Akwai lokacin da MSF ta ce a sansanin Adre masai ɗaya ne ga mutum fiye da 600, alhali ƙa'ida ita ce ɗaya ga mutum 20. Sauran jama'ar kwari suke nufa, kwarin da ake tona yashinsa a ɗebi ruwan sha.

Tsohon Malamin Makaranta, Marwa

Na karanta bayanin Malam Bakanike da na Hajiya, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina ganin an fara labarin daga 2023, alhali a Darfur ƙishirwa ta girmi wannan yaƙin, har ma tana cikin waɗanda suka raine shi.

Mu da muka ga farin 1984 da 1985 mun san abin da ya yi wa yankin nan tun daga Tafkin Chadi har Bahar Maliya. A Darfur makiyayan arewa sun rasa mashaya da makiyaya, suka gangaro kudu inda manoma suke, manoma kuma suka fara shinge gonaki da burtali da bakin rijiyoyi. A da sarakunan gargajiya ne suke tsara ranar da garke zai wuce da ranar da zai sha, su kuma yanke diyya idan an yi ɓarna, amma gwamnatin Numairi ta rushe tsarin sarautun a farkon shekarun 1970 ba tare da ta kafa abin da ya kai shi ƙarfi ba. Ana cikin haka bindigogin yaƙin Chadi da Libiya suka malalo. Da rikicin 2003 ya zo, lalata rijiyoyi da famfunan ƙauyuka ya zama hanyar tabbatar da cewa waɗanda aka kora ba za su dawo ba. 'Yan gudun hijirar farko, su wajen 400,000, suna sansanonin gabashin Chadi shekara ashirin ke nan, sababbi fiye da 800,000 kuma suka zo suka same su a kan rijiyoyin nan dai.

Ba na cewa rashin ruwa ne ya sa janar-janar biyu suke faɗa, su mulki da zinariya suke nema. Fari yana zuwa ƙasashe da yawa ba a yi yaƙi ba. Abin da nake cewa shi ne inda ruwa ya yi ƙaranci, aka kuma rasa alƙalin da kowa ya yarda da shi, mai neman mayaƙa ba ya shan wahalar samu.

Kada kuma mu ɗauka labarin nesa ne. Malam Bakanike shaida ne a kan abin da ya faru a Logone-Birni cikin Agusta da Disambar 2021. Musgum masunta sun haƙa manyan ramuka don su tare ruwa da kifi idan ambaliya ta janye, shanun Larabawan Shuwa suna zuwa sha suna faɗawa ciki suna karyewa. Daga kan wannan aka ƙone ƙauyuka sama da ɗari, wutar ta shiga Kusuri har kasuwar shanu, dubun dubatar mutane, galibi mata da yara, suka haye kogi zuwa N'Djamena. Waɗannan mutane ne da suka yi shekaru aru-aru suna cin kasuwa ɗaya. Mu ma a Marwa, mayo, wato kogin garinmu, yana cika ya yi toroƙo a watan Agusta, zuwa Maris kuma yara suna tona yashinsa da ƙoƙo.

Ina da roƙo ɗaya ga malamanmu na addini da ke sansanonin, tunda maganarsu ta fi ta ma'aikacin agaji shiga kunne. Shari'a ta halatta taimama ga wanda ruwan hannunsa bai wuce na shansa da na iyalinsa ba, amma na san dattawa da yawa da za su gwammace su kwana da ƙishi da su yi sallah babu alwala, wasu kuma su yi alwala da ruwan kududdufi suna kurkure baki da shi. Haka nan wankan gawar wanda kwalara ta kashe: masu wankan da masu dafa abincin zaman makoki sukan zama mutanen gida ɗaya, kuma ta nan cutar take bin masu ta'aziyya zuwa gidajensu. Idan liman ya faɗa a kan mumbari cewa a bar ma'aikatan lafiya su shirya gawar da ruwan kulorin, a kuma taƙaita taro, za a ji.

Ɗan Kasuwar Hatsi, N'Djamena

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Hajiya da Malam Bakanike. Na kira su tun da na ga layin farko na amsar Hajiya, an ɗora ta a amalanke an kai ta, an ɗebi jininta, sun kuma riƙe ta a can. Surukar ta ɗan ji haushi a kan maganar saiwoyi, amma ɗanta ya lallashe ta. Sai dai ya gaya mini cewa yaransu biyu ma suna zawo tun makon jiya, kuma idan layin famfo ya yi tsawo ko tankar ruwa ba ta zo ba, daga kwari yarinyarsu take ɗebowa. Hajiya, ina da jaka ashirin da zan aika gobe ta hannun wani direba. Da na yi niyyar in ce a sayi ruwan leda da ita, amma na ga ba zai kai ko'ina ba. Me kike ganin ya fi?

Ungozoma, Abeche

Alhamdu lillahi da aka kai ta, Allah ya raba lafiya. Gaskiyarka Alhaji, ruwan leda zai ƙare cikin 'yan kwanaki a koma gidan jiya.

Da ni ce, zan fara da sababbin jarkoki biyu masu murfi da ƙaramin baki, a keɓe su don sha kawai, a riƙa tsiyayowa, kada a tsoma moɗa ko hannu, domin sau da yawa ruwan famfon sansani da tsabtarsa yake fitowa, a cikin gida yake lalacewa. Sai sabulu mai yawa da buta ɗaya ta wankin hannu, a riƙa zuba wa juna a daina tsomawa a kwano ɗaya. Ruwan kwari kuwa, idan babu makawa, a bar shi ya kwanta ko a sa masa ɗan alif, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a jefa ƙwayar kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Idan aka jefa ta cikin ruwa mai laka, lakar ce take cinye ƙarfinta. Yara za su ce yana wari, a daure. Tafasawa ta fi, amma na san itace ya yi tsada, kuma 'yan matan da suke shiga daji nemansa ba su tsira daga miyagu ba. Ranar da babu ƙwayar, a cika gorunan roba masu haske da ruwan da aka tace, a kwantar da su a rana tun safe har la'asar, awa shida aƙalla, in da hadari kuma kwana biyu.

Yaran nan biyu a kai su asibitin tun yanzu, a karɓo musu ƙunshin gishiri da sukari da ƙwayar zinki, wadda ake sha kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, kuma kada a daina ba su abinci. A tambaya ko ana rigakafin kwalara a sashensu. Abin da ya rage na kuɗin a ajiye shi a hannun mijin, saboda idan naƙuda ta zo da wuri ko likita ya ce a wuce da ita babban asibiti, kuɗin mota ne zai fara tasowa.